Bobby Bowden: Kocin da Aka Auna da Mudun da Ya Sassaƙa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Kafin mu yi nisa, bari in warware wani abu. Ƙwallon da zan yi magana a kai ba irin tamu ba ce. Ta Amurka ce, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a gudu da ita ana bangaje juna, kuma ta jami'o'i nake nufi. Kada kalmar jami'a ta sa ku zaci wasan yara ne. Filin Jami'ar Jihar Florida da ke garin Tallahassee yana ɗaukar mutum wajen 80,000 a wancan lokacin, kuma wasannin kaka guda yawanci ba su wuce sha biyu zuwa sha uku ba. Saboda haka shan kaye sau ɗaya ma babban al'amari ne.

Mutumin namu sunansa Bobby Bowden. Ya karɓi ƙungiyar wannan jami'a a 1976, ya tarar da ita a ƙasa warwas: a kaka uku kafin zuwansa wasa 4 kacal ta ci, aka doke ta sau 29. Shi ya ɗaga ta. Daga 1987 zuwa 2000, shekara 14 a jere, babu kakar da ta ƙare ba tare da ƙungiyarsa tana cikin biyar na sama a duk Amurka ba. Ya ɗauki kofin ƙasa a 1993, ya sake ɗauka a 1999. Ku lura, ɗalibi shekara huɗu yake buga wasa ya tafi. Wato kusan sau huɗu yana sake 'yan wasa gaba ɗaya, amma sakamako bai sauka ba.

Yaron da ya buɗe ido a Tallahassee a waɗannan shekaru bai san ana shan kaye sau biyar a kaka ba. A wurinsa cin wasa goma shi ne mafi ƙaranci. Wannan shi ne mudun da Bowden ya sassaƙa da hannunsa, kuma da shi aka auna shi da abubuwa suka juya.

Juyawar ta fara ne bayan kakar 2000. Mark Richt, mataimakinsa mai tsara kai hari, ya samu aikin babban koci a Jami'ar Georgia. Sai Bowden ya ɗora ɗansa na cikinsa, Jeff Bowden, a wannan kujera. A 2001 aka ci 8, aka sha kaye 4. A 2002 aka sha kaye 5. Magoya baya suka fara gunaguni, amma da yake suna jin nauyin tsohon, sai suka bar shi suka auka wa ɗan. Kun san maganar nan ta ba a mugun sarki sai mugun bafade. To, a nan bafaden ɗan sarki ne, kuma sarkin ya ƙi sauke shi.

A nan ina tare da magoya baya, gaskiya. Wani mataimakin daban da ba jininsa ba, da wuya ya kai shekara shida a haka. Bowden ya tsaya kai da fata yana kare yaronsa, kamar yadda kowane uba zai yi, sai dai kujerar ba gadon gidansu ba ce. Ƙarshen abin ya zo a Nuwamba 2006, lokacin da Wake Forest, ƙungiyar da suka saba lallasawa, ta zo har gida ta ba su kashi 30 da nema. Kwanaki kaɗan bayan haka Jeff ya ajiye aiki, ƙungiyar masu tallafa wa wasannin jami'ar ta biya shi sama da dala dubu 500.

Ku riƙe waɗannan masu tallafin, don su ne zancen. Mai ihu a saman benci ba ya korar koci. Masu tallafin kuwa attajirai ne, yawanci tsofaffin ɗalibai, da suke zuba kuɗi ana gina filaye ana biyan albashin koci. Ihun 'yan kallo yana tasiri ne idan ya shiga kunnen waɗannan suka ɗaure bakin aljihu.

Ɗan ya tafi, ciwon bai warke ba. A 2006 ci 7, kaye 6. A 2007 ma haka. Abin da ya fi ƙona ran mutane shi ne abokiyar gabarsu, Jami'ar Florida (wata jami'a daban a jihar), ta doke su sau shida a jere daga 2004 zuwa 2009. Na farkon ma a daren da aka raɗa wa filin sunan Bowden aka yi shi. Masu zuwa gidan kallo sun tuna yadda 'yan Arsenal suka rabu biyu a kan Wenger. Haka Tallahassee ta rabu. Wasu na cewa ya cancanci ya zaɓi ranar tafiyarsa da kansa, wasu na cewa tsufa ya ci ƙarfinsa.

Jami'a kuma ta ɗaure kanta da igiyar da ta tufka. A ƙarshen 2007 ta ayyana Jimbo Fisher, sabon mataimaki mai tsara kai hari, a matsayin magajin Bowden, da sharaɗin in ba a ba shi kujerar ba zuwa Janairun 2011 za a biya shi dala miliyan 2.5, daga baya aka ƙara zuwa miliyan 5. Ga sarki a kan gado, ga yarima da takarda a hannu yana ƙirga kwana. Wa 'yan wasa za su saurara? A Oktoban 2009 shugaban majalisar amintattun jami'ar, Jim Smith, ya fito fili ya ce lokaci ya yi da Bowden zai sauka. Shugaban jami'ar kuwa, T.K. Wetherell, tsohon ɗan wasa ne da Bowden ya horar da shi tun yana mataimaki a shekarun 1960. Ɗalibi ne ya zo sallamar malaminsa.

Bowden ya so a ƙara masa shekara ɗaya, bai samu ba. Ranar 1 ga Disamba 2009 ya sanar da ritayarsa yana da shekara 80.

Wasansa na ƙarshe ya faɗo ranar 1 ga Janairu 2010, kuma da West Virginia aka haɗa su, jami'ar da ya horar kafin ya zo Tallahassee. A can ma ya ɗanɗana: a 1974 da ya ci wasa 4 ya sha kaye 7, ɗalibai sun yi mutum-mutuminsa sun rataye. A wannan wasa na ƙarshe ya doke West Virginia 33 da 21, 'yan wasansa suka ɗaga shi a kafaɗa, mutanen da suka yi shekaru suna cewa ya tafi suka cika fili suna kiran sunansa.

Fisher ya ɗauki kofin ƙasa a kakar 2013, don haka masu cewa a sauya ba su yi kuskure ba. Daga baya ya koma Jami'ar Texas A&M, inda su ma magoya baya suka gaji da shi, aka sallame shi a 2023 da diyyar sama da dala miliyan 75. Bowden bai ga wannan ba, ya rasu a Agustan 2021 yana da shekara 91.

Na ga hannu a can baya. Malam, bismillah, yi tambayarka.