Furosesa ya zauna daram a gurbi, amma kwamfuta ta ƙi tashi: tarkon lamba 1151

Assalamu alaikum jama'a. Wannan ɗan akwatin da kuke gani a kan tabarma, sati biyu ke nan yana hana mu sakat a gidan nan. Na ƙanena ne, ɗan kawuna. Kuɗin riɗinsa na bana ya tattara, ya bi motar Ringim ya shiga Kano, ya sayo kayan haɗa kwamfuta, yana so ya buɗe ɗan shagon buga takardu da hoton fasfo a bakin kasuwarmu. Ya zauna ya haɗa komai tsaf. Aka danna. Ku kalla.

[Fanka na juyawa. Sikirin baƙi ƙirin.]

Iyakarta ke nan. Da farko ya ɗora wa inbata laifi. Aka ja ta zuwa janareto, duk kanwar ja ce. Kawu kuwa yana daga zaure yana cewa, ai da ya ji maganarsa ya sayi tinkiya, da yanzu ta kusa haihuwa. Da na sa wannan a sitatus sai saƙonni suka yi ta shigowa, ashe ba shi kaɗai ba ne. Don haka yau a kan wannan za mu tsaya, sauran kuma mu bi ta kai da gudu.

Bari mu gyara suna tukuna. Mu a nan duk akwatin muke kira CPU. Ainihin CPU ga shi a tafin hannuna, bai kai akwatin ashana ba. Furosesa za mu riƙa ce masa, shi ne ke sarrafa duk aikin kwamfuta. Wannan faffaɗan allon kuma shi ne modabod, komai a jikinsa yake rataye.

Girma. Modabod iri uku aka fi gani. Babban, ATX, tsawonsa santimita 30 da ɗoriya, ba namu ba ne yau. Ƙaramin can, mini-ITX, 17 ne ta kowane gefe, abin sha'awa kamar faifai, sai dai ya fi tsada, kuma akwatinsa sau da yawa ƙaramin fawa-fak na musamman yake nema, wato abin da ke raba wa kayan ciki wuta, wanda sai ka sha yawo kafin ka samu. Ni dai a ganina mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya a na tsakiya, micro-ATX, wanda ba ya wuce 24.4. Ya fi araha, yana ko'ina, akwatinsa kuma yana shiga ƙarƙashin tebur. Mun gama da wannan.

To, ga inda gizo ke saƙar.

Kowa idan ya shiga shago abin da yake cewa shi ne, "Malam, i7 nake so." Mai shago ya yi murmushi. Wannan i3, i5, i7 ɗin laƙabi ne kawai da kamfanin Intel ke sa wa furosesansa. Labarin yana cikin lambar da ke bayansa. Ku matso da kyamara. An rubuta i5-8400. Wannan 8 ta farko ita ce zubinsa, abin da 'yan kasuwa ke kira jenareshan. Zubi na takwas ke nan. Idan lambobin biyar ne, kamar 12100, biyun farko za ka karanta: zubi na 12.

Ɗauki i7-3770. Ya fito a 2012. Ɗauki i3-12100, ya fito a 2022. Duk su biyun ƙwaƙwalwa huɗu gare su, wato ɓangarori huɗu masu aiki a lokaci guda, amma ƙaramin nan mai sunan i3 zai bar wancan a baya, ya kuma fi shi tsimin wuta. Shi i7 na 2012 tsohon ɗan dambe ne. Kirarin yana nan, makaɗa na wasa shi, amma hannu ya yi sanyi. Ba na raina shi, ya yi zamaninsa, kuma har yanzu zai buga maka takarda. Kawai kada a karɓi kuɗin saurayi a hannunka a ba ka dattijo.

Kowane zubi kuma da gurbin da yake zama a jikin modabod, soket ke nan. Zubi na biyu da na uku, 1155. Na huɗu, 1150. Na 10 da na 11, 1200. Daga na 12 zuwa na 14, 1700. Waɗannan ba su cika yaudara ba, domin idan ka kawo wanda ba na gurbin ba, tsagar da ke gefensa ba za ta yi daidai ba, ba zai zauna ba. Kada dai ka matsa da ƙarfi. Dubi cikin gurbin nan: waɗannan 'yan ƙananan allurai sun fi gashin ido laushi, guda ta lanƙwashe, ka shiga uku.

Na tsallake ɗaya da gangan. 1151.

[Modabod biyu a jere, kyamara na tafiya daga wannan zuwa wancan.]

Ku duba da kyau. Wannan 1151. Wannan ma 1151. Allurai adadi ɗaya, faɗi ɗaya, marfi iri ɗaya. Ko ni da na jera su, sai na karanta rubutun jiki nake bambance su. Intel ta yi amfani da wannan gurbi a zubi na shida da na bakwai, daga 2015. Da ta fito da na takwas a 2017, sai ta bar siffar gurbin yadda take, amma ta sauya aikin wasu allurai a ciki, musamman masu kai wuta. Saboda haka furosesa na takwas zai faɗa cikin tsohon modabod daram, ka rufe marfi, ka ɗaura fanka, ba abin da zai nuna maka akwai matsala. Sai an danna.

Abin da ya sami ƙanena ke nan. Furosesansa i5-8400, zubi na takwas. Modabod ɗinsa H110. Ya duba kwalin nan ya ga 1151, ya duba wancan ya ga 1151, ya biya. Ni ban ga wautarsa ba, wallahi. Makulli ne ya shiga kwaɗo har ƙarshe, amma ya ƙi murɗawa.

To yaya za ka gane? Bar kallon soket kaɗai, nemi sunan modabod ɗin. Yana nan a rubuce da manyan baƙaƙe a tsakiyar allo, harafi da lambobi uku. H110, B150, B250, Z170, Z270, wato masu farawa da 1 ko 2, na zubi na shida da bakwai ne. H310, B360, B365, Z370, masu farawa da 3, su ne na takwas da tara. Zan bar shi a sikirin na ɗan lokaci, ku ɗauki hoto.

[Jerin lambobin a kan sikirin. Shiru na daƙiƙa biyar.]

Na san wani zai rubuto ya ce ai ya ga ana yi wa tsohon modabod dabara ya karɓi sabon furosesa. Eh, akwai masu yi, da toshe allurai da sauya manhajar cikin allon. Wannan wasan masu rarar kuɗi ne. Kai da ka sayar da riɗi, ba ruwanka.

Abin da ya fi komai: kana tsaye a shagon, kafin ka ciro kuɗi, buɗe wayarka ka rubuta cikakken sunan modabod ɗin. Kowane kamfani yana da jerin furosesan da allonsa ke karɓa. Ka yi shi a can birni inda sabis yake, kada ka bari sai ka dawo gida kana hawa kan katanga neman layi. Sannan ka ce, "Yallaɓai, a haɗa a kunna a gabana." Minti goma ne. Wanda ya ƙi, akwai shago a gaba.

Sauran tarko ƙanana ne, mu bi su da sauri. Furosesan Intel da ya ƙare da F, kamar 12100F, ba ya fitar da hoto da kansa, sai ka sayi katin hoto daban. Ya fi araha a baki, ya fi tsada a aljihu. A ɓangaren AMD kuma, ɗaya kamfanin mai ƙera furosesa, a gurbin AM4, mai G a ƙarshe kake nema. Ryzen 5 5600G na da hoto a ciki, 5600 zalla ba shi da shi. Idan tsohon allo ne irin B450, tambayi ko an sabunta masa BIOS, wato manhajar cikin allon, in ba haka ba baƙin sikirin nan dai za ka gani.

RAM, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai: DDR3, DDR4, DDR5, kowanne tsagarsa daban, ba sa shiga gidan juna. Sanda biyu na giga 8 sun fi guda ɗaya mai 16, musamman idan furosesa ne ke ɗauke da hoto. Ma'ajiya kuwa SSD, irin mai saurin nan, ba jayayya. Mai giga 256 ya ishe ka farawa.

Masu sola, ku kwantar da hankali. Wat 450 da aka rubuta a jikin fawa-fak iyakar abin da zai iya bayarwa ne, ba abin da yake sha kullum ba. Furosesan ƙanena mai wat 65 ne, kuma yana buga takarda bai ma kusanci hakan ba. Firinta mai leza ce za ta sa inbata kuka, ba kwamfutar ba. Amma kada ka sayi fawa-fak da ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara. Kuma ƙaramin akwati da ƙurar hunturu ba sa shiri, a ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa hure shi.

Mu koma kan namu. Hanya biyu ce: a mayar da furosesa a karɓo na zubi na bakwai, ko a sauya modabod. Na ce masa allon za a sauya. Dalili, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take farawa a irin waɗannan. Ai ba a komawa baya. Mai shagon da farko cewa ya yi kayan da ya fita ya fita. Sai da aka yi ta ba shi baki, aka ɗora masa wani abu a kai, sannan ya ba da H310. RAM ɗin DDR4 ne, bai canza ba, akwatin ma shi ne.

Ga shi an haɗa. Ɗigon man sanyaya kamar ƙwayar wake, fanka a sama. Wayar monita a bayan modabod. Ƙane, danna da bismillah.

[Tambarin kamfani ya bayyana a sikirin.]

A je zaure a kira Kawu.