Shin duk mai suna Singh ɗan addinin Sikh ne?

Ku ɗauki misalin mutum biyu. Na farko Manmohan Singh ne, mai shuɗin rawani, Firaministan Indiya daga 2004 zuwa 2014. Na biyu kuma Rajnath Singh, wanda ya zama ministan tsaro a 2019. Suna ɗaya, amma na farko Sikh ne, na biyu Hindu. To masu gardamar cewa duk Singh Sikh ne, ku gyara zama.

Don gane asalin sunan, a gurguje: tsohon tsarin Hindu ya kasa jama'a gida huɗu. Brahmin malaman addini, Kshatriya sarakuna da mayaƙa, Vaishya 'yan kasuwa da manoma, sai Shudra masu hidima. Gida na biyu ne abin maganarmu yau, kuma sunansa ya fito daga "kshatra" a tsohon harshen Indiya na Sanskrit, wato mulki. Jaruman tsofaffin labaransu galibi 'yan gidan nan ne. Ga Rama, yariman Ayodhya. Ga Arjuna riƙe da baka a filin Kurukshetra, inda labarin Mahabharata ya ce an kwashe kwana 18 ana gwabzawa. Arjuna na nufin fari tas, mai haske. Sunan yayansa Yudhishthira kuwa, wanda ba ya gezau a fagen fama. Ni dai wannan ya fi burge ni, sai ka ce kirari.

Singh fa? Asalinsa "simha", wato zaki, kamar yadda fadawa ke wa sarki "Zaki!" Daga nan ma sunan Singafo ya samo tushe, birnin zaki. Mayaƙan Rajput, masu danganta kansu da Kshatriya, sun daɗe suna amsa shi tun kafin Sikh su ɗauka.

Nan ne fa ake tuntuɓe, don haka a bi ni sannu. A Indiya, sunan gidanku kan tona asalinka. Da jin suna an san ɗan sarauta ne kai ko ɗan wanzami. A 1699, a garin Anandpur, jagoran Sikh na goma, Gobind Rai, ya tara jama'a, ya zare takobi, ya nemi wanda zai ba da ransa saboda addini. Mutum biyar suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu akwai manomi, akwai mai aski, akwai mai ɗibar ruwa. Ya dama ruwa da sukari da bakin takobi, ya shayar da su a kwano guda, ya laƙaba wa kowannensu Singh. Sunan manya, na 'yan sarauta, ya koma kan mai aski! Mata kuma suka riƙa amsa Kaur.

 Daga nan sai jagoran da kansa ya durƙusa a gabansu. Ya roƙi mutum biyar ɗin su shayar da shi kamar yadda ya shayar da su, kuma daga ranar ya zama Guru Gobind Singh.