Wuyan riga: lacca ga teloli da masu koyon ɗinki

Assalamu alaikum. 'Yan'uwana teloli da ƙannena masu koyo, sannunku da zuwa. Yau a kan wuyan riga za mu tsaya.

Ku lura da mutum ranar Juma'a. Ya sa sabon kaftani na shadda, an zuba masa aiki a gaba, amma yana zaune a sahu sai cusa yatsa yake a wuya yana ja. Kafin liman ya hau mumbari ya ɓalle maɓallin sama. Shaddar ba ta da laifi, tela ne ya ɗinke wuyan tamkar mai rigar zai dawwama yadda aka auna shi. Mutum yana ƙiba, yana ramewa, yadin auduga kuma yana tsukewa bayan wankin farko. Don haka nake roƙonku ku riƙa barin hanyar da mai riga zai sassauta wuyansa da kansa.

Mu fara da awo. Ka zagaya tef a gindin wuya, ƙasa da zakaran wuya, ka sa yatsu biyu tsakanin tef da fata, sannan ka rubuta. Lambobin da kuke gani a kwalar rigunan kanti, 15, 15½, 16, awon wuya ne da inci. Rabin inci kacal ke tsakanin lamba da lamba, amma shi ne tazarar da ke tsakanin jin daɗi da shaƙewa.

To, ina za ka ajiye wa mutum wannan rabin incin? Ku dubi hannun riga mai kwala: sau da yawa maɓalli biyu ne a jere, rami ɗaya. Ku kai wannan dabara wuya. Ka ɗan tsawaita bakin kwalar, ka ɗinka maɓalli na biyu rabin inci gaba da na farko. Idan kaftani ne, maimakon ka huda rami, ɗinka 'yar madauki ta roba mai talewa a ɓoye ta ciki, ba mai ganinta sai mai rigar. Tsagar gaba kuma kada a yi mata rowa, domin kan babban mutum ya kai wajen inci 22, wuyansa kuwa 15 ko 16, kuma ta wannan ƙofa kan zai wuce.

Kada wani ya ce ai kwalliya ce kawai. A 2003 wasu likitocin ido a New York sun gwada, suka ga ɗaure nektai tamau yana ƙara matsin da ke cikin ido. Jijiyoyin da ke dawo da jini daga kai ta wuya suke bi, kusa da fata.

Sai rigar jarirai, kuma mata masu ɗinki ku saurara da kyau. Kan jariri babba ne idan aka kwatanta da jikinsa. Shi ya sa ake yanka kafaɗar baya ta hau kan ta gaba kamar bakin ambulan, wuyan ya buɗe in an ja, ya koma in an saki. In yaro ya ɓata jikinsa, uwa sai ta zare rigar ta ƙasa, ba sai ta bi da ita ta fuskarsa ba.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba ko kaɗan: zura igiya a wuyan rigar yaro don a riƙa tsukewa. Igiyar tana maƙalewa a lilo ko ƙofar mota, yara sun rasa rayukansu ta haka. Amurka ta hana ta a wuyan rigunan sanyin yara a 2011, ƙa'idar Turai ma ta hana ta ga yara har zuwa shekara 7. Ko uwar yaro ce ta nema, ku yi mata bayani cikin ladabi, ku sa maɓalli.

Yanzu kowa ya ɗauko tef ɗinsa ya auna wuyan na kusa da shi, zan zagayo in ga inda kuka sa yatsun.