John Wooden, malamin Turanci da ya horar da 'yan ƙwallon kwando shekara 40

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To, madalla.

John Wooden Ba'amurke ne ɗan jihar Indiana. An haife shi a 1910, ya rasu a 2010, saura wata huɗu ya cika shekara ɗari. Galibi da kofuna aka san shi: ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 cikin shekara 12 da jami'ar UCLA, 7 daga ciki a jere, kuma yaransa sun taɓa buga wasa 88 ba a doke su ba. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shekarun da suka gabaci kofunan nan.

Da ya gama jami'ar Purdue a 1932, sakandare ya tafi, a garin Dayton na jihar Kentucky, yana koyar da Turanci, yana kuma horar da yara. Kakar farko sun ci wasa 6, an ci su 11. Bayan shekara 2 a can ya koma wata sakandare a garin South Bend na jihar Indiana, ya yi shekara 9. Shekara 11 ke nan yana fama da 'yan sakandare, kuma a ganina can ya koyi aikinsa. Malamin aji ya san darasi ba ya zama sai da shiri da maimaici. Shi ya sa ko a jami'a yake rubuta tsarin atisaye a ƙananan katuna, minti-minti. Ranar farko kuwa, zaratan samari irin su Kareem Abdul-Jabbar sai ya zaunar da su ya koya musu sa safa da ɗaure takalmi. Na ga wasu suna murmushi. Ai safa in ta naɗe, ƙafa za ta yi bororo, mai bororo kuwa ba ya gudu.

Akwai wani abu da ba na so in tsallake. A 1947, yana horar da 'yan wasan kwalejin Indiana State, aka gayyace su wata gasa ta ƙasa da ba a yarda baƙar fata ya buga ba. Yana da ɗan wasa baƙi, Clarence Walker. Sai ya ƙi zuwa. Shekarar da ta biyo aka janye dokar, Walker ya buga.

Ya isa UCLA a 1948, ya tarar da tsohon zauren da suke rabawa da 'yan kokawa, har shi da kansa yake share filin. Kaka 15 ya yi ba kofin ƙasa, sai a 1964. Ku da za ku zama shugabannin makarantu gobe, ku tambayi kanku: wa zai iya haƙuri da koci har shekara 15?

Ya ajiye aiki a 1975, bayan kofi na goma. Mai tambaya ya ɗaga hannu.