Lacca: Wa ya kai kayan yaji tukunyar Tailan?

Assalamu alaikum. Jama'a, na san da yawanku in aka ce kori, garin nan ruwan ɗorawa na cikin leda ne yake faɗo muku a rai. To ku ajiye shi gefe. A Tailan miya ce ake kira kaeng, kuma da ɗanyen kaya ake dakanta a turmin dutse: barkono, tafarnuwa, ƙananan albasa, ciyawa mai ƙamshin lemun tsami, wata 'yar'uwar citta da suke ce wa kha, ɓawon wani lemo, da saiwar koriyanda. A ƙarshe a jefa kapi, wato ƙananan jatan lande da aka cuɗa da gishiri suka ruɓa. Aikin da daddawa take yi a miyarmu, shi yake yi a tasu.

Amma barkonon nan da aka san su da shi baƙo ne. Asalinsa nahiyar Amurka. Turawan Fotugal sun isa Ayutthaya, babban birnin ƙasar a lokacin, a 1511, kuma ta hannun fatake irinsu barkono ya shiga. Kafin nan da masoro da citta suke samun yaji.

Ayutthaya kuwa kasuwa ce ta duniya har zuwa 1767 da sojojin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, suka rusa ta. A farkon ƙarni na 17 wani attajiri Bafarishe, Shehu Ahmad na birnin Ƙum, ya zauna a can, ya samu shiga a fada har ya riƙe sarauta. Galibin masana suna danganta miyar massaman da Musulmin fatake irinsa, kuma in kun duba tukunyar za ku ga hujja. Kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi, duk busassun kayan ƙamshi ne da sauran miyoyin ƙasar ba su cika amfani da su ba. Ga dankali, ga gyaɗa, ga tsamiya, ga naman sa ko kaza ya dahu luguf. Sarki Rama na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1809 zuwa 1824, har waƙa ya yi yana yabonta. Ni dai a ganina, ita ce za ta fi yi wa Bahaushe daɗi a baki.

Koriyar miyar da ake yayi a gidajen abinci kuwa yarinya ce, a ƙarni na 20 ta bayyana. Ɗanyen koren barkono ne yake ba ta launi, jar miyar kuma busasshen barkono. Ku lura da wannan, masu girki: ba a tsuga madarar kwakwa gaba ɗaya. Ana fara zuba mai kaurin a kasko, a bar ta kan wuta har mai ya fito ya yi ƙyalli a gefe, sannan a soya dakakken yajin a ciki sai ƙamshi ya tashi. Wanda ya tsallake wannan, miyarsa za ta yi lami.

Kada kuma ku ɗauka kowace da kwakwa ake yi. Kaeng som ta kifi ce, ruwa-ruwa, mai tsami. Kaeng pa, miyar daji, ita ma babu kwakwa. A kudu akwai kaeng tai pla, ta ruɓaɓɓen kayan cikin kifi, wadda yajinta kan sa baƙo hawaye. A arewa, wajen Chiang Mai, akwai khao soi, taliya a cikin miyar kwakwa, da ake alaƙantawa da fatake Musulmi 'yan Yunnan na ƙasar Sin.

Na ga hannu a baya. E, Hajiya, tambayar halal. Kaeng hang le ta arewa, wadda ta zo daga Bama, da naman alade aka saba yin ta, don haka a tambaya kafin a ci. A lardunan Pattani da Yala da Narathiwat na kudancin ƙasar kuwa Musulmi ne suka fi yawa, kuma ko a Bankok akwai gidajen abincin Musulmi da alamar halal a ƙofa.