Mutumin da ya yi gudun tsira yana kwance a gado

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Yau za mu leƙa ƙasar Skotland, mu waiwayi littafin Kidnapped, wato "wanda aka sace", na Robert Louis Stevenson, wanda ya fito a 1886.

Labarin wani maraya ne, David Balfour, ɗan shekara 17, da ya je wajen baffansa Ebenezer neman gadon mahaifinsa. Baffan marowaci ne na ƙin ƙarawa. Sai ya haɗa baki da kyaftin ɗin wani jirgin ruwa, aka yi awon gaba da yaron, da nufin a sayar da shi bawa a gonakin Amurka. A cikin jirgin ya gamu da Alan Breck Stewart, gwanin takobi, ɗan tsaunukan arewa, magoyin bayan gidan sarautar da aka murƙushe a tawayen 1745. Shi kuwa David ɗan kudu ne, mai biyayya ga Sarki George na Birtaniya. A siyasa ba sa ga maciji, amma jirgin ya tarwatse, aka kashe wani wakilin gwamnati, Colin Campbell, zargi ya hau kansu su biyun, dole suka gudu tare cikin duwatsu da ciyayin daji. Kisan nan ya faru da gaske a 1752, har aka rataye wani ɗan dangin Alan, James Stewart, a kansa, hukuncin da mutane da yawa ke ganin zalunci ne har yau.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda David ya maƙale a tsibirin Erraid, yana cin ɗanyar katantanwar teku har kwana huɗu, yana kuka da ƙaddara, ashe in ruwa ya janye ana iya takawa da ƙafa a tsallake. Stevenson ya san wurin ciki da bai. Danginsa injiniyoyi ne masu gina hasumiyoyin fitilar da ke yi wa jiragen ruwa jagora, kuma a wannan tsibiri mahaifinsa Thomas ya kafa sansanin aikinsa, shi ma marubucin ya zauna can a 1870. Har sunan Balfour ɗin na dangin mahaifiyarsa ne.

Wanda ya rubuta duk wannan guje-guje da tsalle-tsalle mutum ne da ciwon huhu ya addaba tun yana yaro a Edinburgh, inda aka haife shi a 1850. Iyaye sun so ya gaji sana'ar gida, ya ƙi, ya karanta lauya don a bar shi ya sarara, bai ko yi aikin kirki da ita ba. Kidnapped a garin Bournemouth na Ingila ya rubuta shi, yawanci yana kwance, wani lokaci yana tarin jini.

Neman iskar da za ta karɓe shi ya kai shi Samoa, can tsakiyar tekun Fasifik. Mutanen wurin suka raɗa masa suna Tusitala, mai ba da labari. Ya rasu a Disamba 1894, yana da shekara 44, su kuma suka sare hanya cikin kurmi, suka ɗauki gawarsa a kafaɗa har ƙolin dutsen Vaea.