Kwalar Mita: Na'urar Maigida a Bayan Mitar Kamfanin Wuta

Jama'a, ku ɗauka kuna duban bangon wani gida a Amurka. Ga mitar wuta nan, zagayayya, kamar an kife kwanon gilashi. Ba irin tamu ba ce da ake ɗaure wa wayoyi da sukurudireba. Ita haƙoran ƙarfe gare ta a baya, cusa ta ake yi cikin akwati yadda ake cusa fulogi a soket. A galibin wurare mitar ta kamfanin wuta ce, akwatin kuma na maigida ne.

Yanzu ku lura da kyau. Ma'aikaci ya zare mitar, ya cusa wani zobe mai kauri a gurbinta, ya mayar da ita a kansa. Wannan zoben ne ake kira kwalar mita, kamar kwalar riga. Ta jikinsa ake jona sola, ko batirin gida, ko cajar motar lantarki, ko janareta. Kamfanin ConnectDER na ƙera shi, Tesla na da nasa mai aiki da batirin Powerwall, akwai kuma GenerLink na masu janareta.

Me ya sa ake rububinsa? Kuɗi ne. Tsofaffin gidaje da yawa a Amurka akwatin rarraba wutarsu amfiya 100 kawai yake ɗauka. Ka ce za ka ƙara sola ko caja, sai mai gyaran wuta ya ce sai an canza akwatin zuwa na amfiya 200, a fasa bango, a sake wayoyi, dubban daloli su tafi. Kwalar mita takan raba mutum da wannan wahala, don a ƙofar shigar wuta take zama, kafin akwatin.

To amma kamfanonin wuta ba su karɓe ta hannu biyu ba, kuma ni dai ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Mita ita ce ma'auninsu, da ita suke sanin abin da ka sha. Duk na'urar da ta zauna kusa da ita, dole su tabbata ba hanyar satar wuta ba ce. Sannan kafin a zare mita sai an tsinke hatimin da suka ɗaure, kuma haƙoran da ke cikin akwatin mitar da wuta a jikinsu ko da ka kashe komai na cikin gida.

Babban abin tsoron kuwa rai ne. A ce an ɗauke wuta, janaretanka ko batirinka na aiki, ba abin da ya raba gidanka da layin waje. Wutarka za ta koma baya, ta shiga taransifoma, ita kuma ta ɗaga bolt 240 zuwa dubbai, sau da yawa 7,200. Can kan turke ga ma'aikaci yana gyara, ya sakankance layi a mace yake. Mutum ne mai iyali. Duk wanda ya san amfanin canjoba a gidajenmu ya fahimci maganar. Shi ya sa dole kwalar da ke aiki da janareta ko batiri ta yanke gida daga layi kafin ta saki wuta.

Inda na raba gari da kamfanonin shi ne jan ƙafa. Amurka na da kamfanonin rarraba wuta kusan 3,000, kowa da tsarinsa. Wannan ya yarda, maƙwabcinsa ya ƙi, wani ya ajiye takarda ba e ba a'a. Mai ƙaramin ƙarfi da ke tsohon gida shi ke kwana a ciki.

Sai majalisun jihohi suka sa baki. A 2021 Colorado ta yi dokar da ta tilasta a buɗe wa masu gida wannan hanya. A 2023 Gwamna Phil Murphy ya sa hannu a kan ta New Jersey, kuma ita ce ta fi burge ni. Ba ta ce kowa ya yi gaban kansa ba. Sai ɗakin gwaji da ƙasa ta amince da shi ya tantance na'urar, sai ta dace da ƙarfin akwatin da za ta zauna, sai ƙwararre mai lasisi ne zai ɗaura ta, kuma kada ta tare wa ma'aikatan kamfani hanyar kaiwa ga mitarsu. Shi kuma kamfani an yanka masa wa'adi: idan maƙeri ya kawo samfurinsa, cikin kwana 60 sai ya ba da amsa, ya karɓa ko ya ƙi.

Saura wuraren da dokar jiha ba ta kai ba. Kamfanonin wuta mallakar birane da na ƙungiyoyin gama-kai na karkara sau da yawa ba sa ƙarƙashin hukumar da ke sa ido a jiha, su ke tsara wa kansu ƙa'ida. A can, maigida sai ya fara buga wa kamfaninsa waya ya ji ko samfurin da yake so yana cikin waɗanda suka amince da su, kafin ya fitar da ko sisi.